Fosta ta fito, amma mawaƙin zai zo Sakkwato kuwa?

Wani ƙanenmu daga Mabera ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya, mawaƙin da nake so ya daɗe yana cewa sabon kundinsa na nan tafe, har yau shiru kake ji. Yanzu kuma ga fosta tana yawo a WhatsApp wai zai yi wasa a Sakkwato bayan sallah. In sayi tikiti tun yanzu ko in dakata? Kuma me ya sa kullum sai dai mu hango ana casu a Kano da Kaduna, mu ko oho?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Fosta yaro mai waya zai haɗa ta kafin shayinsa ya huce, ba ta ɗaure kowa da komai ba. Sana'ata sauti ce, a situdiyo nake wuni, ranar taro kuma ni ne kake gani can gefe bayan na'ura, mutane na rawa ina share gumi. Daga wannan kujerar zan ba ka amsa, inda ake lissafin man janareta. Tambayoyinka uku duk wuri ɗaya suke komawa: wa ya biya, kuma nawa ya riga ya fita daga aljihunsa.

Mu fara da kundin. Haɗa waƙar zamani ba ya cin lokaci yadda kuke zato. Mai kiɗa ya buga a fiyano da kwamfuta, mawaƙi ya ɗora murya, a kira 'yar amshi ta ɗora tata, a zauna a tace. In kowa ya zo a kan lokaci kuma akwai wuta, 'yan kwanaki sun isa. Abin da ba ku sani ba shi ne, sau da yawa ɗan guntun da kuke ji a TikTok, wanda ya hana ku barci, shi ke nan abin da ke akwai. Mawaƙi zai shigo ya ce, "Oga, amshi kawai za mu ɗauka da baiti ɗaya." Mu ɗauka, mu gyara masa, ya fita waje ya jingina da motar wani ya yi bidiyo, ya rubuta cewa tana nan tafe. Daga nan sai ya koma ya zuba ido. In 'yan mata suka fara hawa kiɗan, masu barkwanci suka ɗauka, da gudu zai dawo a ƙarasa. In kwana goma suka wuce ba motsi, waƙar ta mutu a kwamfutata, kai kuma kana Mabera kana jiran ta.

Wannan ɗabi'ar ta yi ƙarfi ne tun 2020. A lokacin kullen korona, babu gala babu taron biki, amma "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta game Arewa ta hanyar gajerun bidiyon da mata suka riƙa ɗauka a cikin gidajensu. Duk wanda ke harkar ya ga abin da ya faru, ya gane cewa wayar hannu ce yanzu ke yanke hukunci. Tun daga nan kowa sai ya ɗanɗana wa jama'a kafin ya zuba kuɗinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gindin abin. A zamanin kaset da faifan CD, ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ta Kano yakan sayi aikin, ya buga, ya rarraba har zuwa shagunan garin nan. Mawaƙi na da dalilin gama kundi, domin sai ya gama ake biyan sa. Memori da Xender da 'yan dawunlodin suka rushe wannan kasuwar. Yau akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ta shigo Najeriya a 2021, amma abin da ke shigowa ta nan bai kai yadda ake zuzutawa ba. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda (ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90), kuma kallon da aka yi daga Najeriya bai kai darajar wanda aka yi daga Ingila ko Amurka ba, don farashin talla ya bambanta. Mu kuma a nan mutum ɗaya ne zai sauke da datarsa, ya tura wa majalisarsu gaba ɗaya.

To ina mawaƙin Arewa ke samun na cefane? Waƙar amarya da ango, waƙar naɗin sarauta, tallar kamfani, da uwa uba waƙar siyasa. Waɗannan kuɗi ne a hannu. Ka ɗauka yana tsakiyar aikin kundin da kake jira, sai ga waya daga gidan wani attajiri, bikin 'yarsa saura mako biyu, ana son waƙa da sunayen dangi kaf. Kundi zai koma gefe, kuma ko ni ne haka zan yi. In kakar zaɓe ta kama kuwa, sai haƙuri. Daga watan Satumba na 2022 da aka buɗe yaƙin neman zaɓe har zuwa Maris na 2023, waƙar 'yan takara ce ta cinye yawancin lokacin situdiyo, ta soyayya sai in an samu sarari.

Kada ka ɗauka lalacewar zamani ce. Mu mutanen ƙasar Sakkwato mun fi kowa sanin waƙa da ubangida take tafiya. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, Ɗan Anace kuma da 'yan dambe ya yi suna. Babu ɗayansu da ya rayu da sayar da faifai. Kayan kiɗan ne suka sauya, da masu bayarwar.

Akwai kuma kalanda. Ba mai hankalin da zai saki waƙar rawa cikin azumi, don haka aiki kan taru a jira sallah. Wasu sun saba da farkon shekara. Masu bi ta kamfanonin rarraba waƙa a intanet sukan zaɓi Juma'a, domin tun Yulin 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da ita a matsayin ranar sakin sabon aiki. A nan ne za ka samu alamar da ba ta ƙarya. Kafin waƙa ta hau Spotify ko Boomplay a ranar da aka sa, dole an miƙa ta a gama, da hoton bango da komai, kwanaki kafin ranar. Saboda haka in ka ga kwanan wata takamaimai, da jerin sunayen waƙoƙin, da hoton bangon, aiki ya kammala. In kuwa "nan ba da jimawa ba" kawai kake gani da alamar wuta guda uku, ci gaba da sauraron tsofaffin.

Yanzu wasan, wanda a nan ne bakina ya fi kaifi.

Zauna ka yi lissafin da mai shirya wasa ke yi. Yawancin manyan mawaƙan nan a Kano suke, wasu Kaduna, wasu Abuja. Daga Kano zuwa nan ya haura kilomita 500, ta Funtuwa da Tsafe da Gusau da Talatar Mafara, kuma kai ma ka san ba hanyar da ake bi da dare ba ce a 'yan shekarun nan. Ke nan wasan awa biyu ya zama tafiyar kwana uku: ranar zuwa, ranar wasa, ranar komawa. In jirgi ne, galibi sai an zagaya ta Abuja kafin a sauka filin jirgin Sultan Abubakar III. Mawaƙi kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai manaja, da mai sakar masa kiɗa, da mai ɗaukar hoto, da 'yan rawa, da wasu mutum biyu da har a tashi ba za ka gane aikinsu ba, amma za su ci abinci su kwana a otal. Duk a wuyan mai shiri. Ga kuɗin wuri, ga hayar kayan sauti da fitilu, ga jami'an tsaro, ga sanarwa a rediyo. Ga janareta, wanda in mutum na da hankali biyu zai tanada, don ba a dogara da wutar gari a irin wannan rana. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowane layi a wannan lissafin ya kumbura, aljihun matashin da zai sayi tikitin kuwa bai kumbura ba.

A kwana ukun da zai kashe a kanmu, mawaƙin zai iya yin wasa uku tsakanin Kano da Zariya da Kaduna, ya kwana a gidansa. Ko ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram ko Yamai a biya shi da sefa. Kwanakin sallah kuwa 'yan kaɗan ne, kowa na rububinsu. Shi ya sa in ma an sa Sakkwato, sai ka gan ta a ƙarshen jeri, lokacin da kuɗin sallar samari ya ƙare a ɗinki da yawon gaisuwa. Wani abin dariya kuma, ranar sallar kanta daga nan garin ake sanar da ita. Sai fadar Sarkin Musulmi ta yi magana kan ganin wata kowa ke sanin ranar da ta kama, kuma kwana ɗaya in ya gusa, jadawalin mawaƙi gaba ɗaya ya gusa. Wanda ke ƙarshen layi shi ake yankewa.

Sannan zafi. Ƙaramar sallah ta 2024 ta faɗo 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Wannan tsakiyar bazara ce, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a garin nan. Mutane na iya daurewa, na'ura ba ta iyawa. Akwatin da ke ƙara wa lasifika ƙarfi yana da abin da ke kashe shi da kansa in ya yi zafi da yawa. Kana tsakiyar waƙar da kowa ke jira, sai ɗif, gefe ɗaya ya ɗauke. Jama'a su juyo suna zagin mai sauti, ni kuma ina durƙushe na kafa wa akwati fanka ina roƙon Allah. In ka ga an jera fankoki suna hura ƙarfe maimakon mutane, dalilin ke nan. A ganina lokacin wasa a Sakkwato shi ne sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, musamman in ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejin Shehu Shagari da na foliteknik suna gari. Su ne masu sayen tikiti, kuma da sallah yawancinsu sun tafi gida. Masu shiri sun nace wa sallah ne kawai don haka suka ga ana yi a Kano.

Akwai laifinmu mu 'yan kallo, kuma sai na faɗa. Tsaya a bakin ƙofa ranar wasa ka ji. "Ni fa ɗan gida na." "Wanga ƙanen mai wurin na, bar shi ya wuce." Wani ya zo da abokai shida yana nuna hotonsa da mawaƙin a waya, wai shi ne tikitinsa. Wasu ta katanga. Kafin a ankara wuri ya cika maƙil, hoton ya yi kyau a Facebook, mai shiri kuwa yana bayan dandamali yana rantse-rantse wa masu kujeru da mai janareta. Na sha ganin wanda ya yi wasa ɗaya, wuri ya cika, bai sake marmarin yin wani ba har yau. Labarin kuma yana komawa Kano, don manajoji suna magana da juna. Garin da aka san ana biya a ƙofa shi ake sakawa a jadawali tun kafin azumi.

Kada mu manta kuma da irin garin da muke ciki. Birnin Shehu ne, kuma taron da zai haɗa samari da 'yan mata har tsakar dare ba zai wuce ba a yi magana ba, daga iyaye, daga malamai, daga Hisba. Masu shirin da ke zuwa da tsarin Legas su dasa shi a nan su ne ke kwana ciki. Waɗanda na ga sun gama lafiya sukan nemi izini tun da wuri, su fara bayan la'asar, a tsaya a yi magariba, a ware wa mata da iyalai wurin zamansu, a tashi kafin dare ya yi nisa. Ta fuskar kasuwa ma hakan ya fi, don uban da ya san ƙarfe nawa 'yarsa za ta dawo shi ne zai ba ta kuɗin shiga. Da masu shirin Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau za su haɗa kai su ɗauko mawaƙi ɗaya a tafiya ɗaya, har a leƙa Ƙonni ta Illela in hali ya yi, da kuɗin hanya ya rabu kuma da mun fi haka ganin wasanni. Kowa dai so yake a ce shi kaɗai ya kawo shi.

To, ita wannan fostar taka, ga yadda za ka auna ta. Mawaƙi ba ya buɗe baki ya tallata wasa sai kafin alƙalami ya shiga asusunsa. Saboda haka je shafinsa na kansa, wanda ka san nasa ne, ka nemi bidiyon da ya ambaci Sakkwato da bakinsa, ya faɗi rana, ya faɗi wuri. Ka kula da kyau, don akwai masu yanko tsohon bidiyo inda ya ce "ina nan zuwa garinku" su liƙa wa sabuwar fosta. Bayan haka taka da ƙafarka zuwa wurin da aka rubuta, ko otal ne ko ɗakin taro ko fili, ka tambayi masu kula da shi ko an kama wannan ranar, an kuma biya. Garin nan ba shi da girman da wannan zai gagare ka, kuɗin kabu-kabu ne kawai. Ka saurari rediyo kuma. Wanda ya biya sanarwa a Rima Radio ko wata tashar FM ya riga ya zuba kuɗin da ba zai so su tafi a banza ba.

Fostar da ta jera manyan taurari biyar ko shida alhali kuɗin shiga bai kai na cin abinci sau biyu ba, lissafinta bai fita ba, sai fa in wani kamfani ko ɗan siyasa ne ya ɗauki nauyi, kuma in haka ne za ka ga sunansa ya fi na mawaƙan girma. In babu, to ɗaya zai zo, ko kuma a cika dare da yara masu tasowa ana ce muku "yana hanya" har ku gaji ku watse. Ka tambayi mai sayar da tikitin abu ɗaya: in an ɗage, wa zai mayar mini da kuɗina, a ina zan same shi? Yadda ya amsa zai gaya maka sauran.

In Allah ya sa wasan ya tabbata, ka san abin da za ka tarar don kada ranka ya ɓaci. Mafi yawan abin da ake yi a dandamalinmu mamin ne: a saki waƙar yadda take a waya, da muryar da komai, mawaƙi ya riƙa bi a kai yana cewa ku ɗaga hannu. Ba duka ne don rashin murya ba. Kiɗan a kwamfuta aka gina shi, muryar an tace ta da na'ura, kuma ɗauko makaɗa da kayansu daga Kano wani kuɗin ne. Masu ƙoƙari sukan zo da kiɗan zalla ba murya, su rera da kansu, za ka ji numfashinsu, za ka ji inda suka sauya baiti suka sako sunan unguwarku. Wanda ya ce a kashe kiɗa ya rera baiti biyu haka nan, wannan ya san abin da yake yi, ka tafa masa da kyau. Ni da na taso ina jin masu kotso da 'yan amshinsu, inda ba wata na'urar da za ta rufa maka asiri, har yanzu a nan nake auna mawaƙi. In kana son ganin bambancin, leƙa filin dambe wata rana ka tsaya kusa da masu kalangu.

Liƙi ma yana cin wasa. Da zarar masu kuɗi sun hau dandamali, waƙar da ka biya don ka ji ta tsaya, an koma kirari da kiran sunaye. Ka kuma sani doka ta hana: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun ga mai watsa naira ko taka ta, kuma a 2024 EFCC ta gurfanar da wasu sanannun mutane a kan haka. In za ka yi kyauta, miƙa a hannu.

Da ka shiga, kafin ka nemi inda za ka fi ganin dandamali, duba ƙofofin fita. In ƙofa ɗaya ce tak, ta shiga ita ce ta fita, kuma ana ta tura mutane ciki, tsaya daga baya-baya. Turmutsitsi ba ya tambayar ƙasa: a Landan ma, cikin Disambar 2022, mutum biyu sun rasu sakamakon cunkoso a ƙofar wani wasan mawaƙin Najeriya a Brixton. Kada ka manne wa lasifika, kunnen da ya yi ƙara kwana biyu bayan wasa ya ji rauni ne, mu da ke aikin da abin toshe kunne muke yawo. Waya a aljihun gaba, kuma ka shirya abin hawan komawa Mabera tun kafin ka fito.

Game da tikitin, ba wa mawaƙin lokaci zuwa saura mako guda. In bidiyonsa ya fito kuma masu wurin sun tabbatar, saya a wurin da aka sanar a rediyo, ka karɓi shaidar biya. In saura mako guda bai ce uffan ba, bar kuɗin a aljihunka, ranar ka je da wuri, ka ga motar kayan sauti ta sauke, ka ji an fara gwada makirufo, sannan ka biya a ƙofa.